Fim ɗin Wings na 1927 da Matuƙin da Bai Gane Amininsa Ba

Tsakanin ƙarshen 1926 da farkon 1927, a filin jiragen soja na Kelly da ke gefen birnin San Antonio a jihar Texas ta Amurka, akwai lokacin da aka yi kwana da kwanaki ana biyan ma'aikata suna zaune a inuwa. Ga jirage a jere, ga matuƙa sun shirya, an ɗaɗɗaure kyamarori, amma darakta William Wellman ya ce babu mai tashi, don sama ta yi garau, ko ƙyallin gajimare babu. Manyan kamfanin Paramount, waɗanda kuɗinsu ne ke zurarewa, suka yi ta tada jijiyar wuya daga Hollywood, shi kuwa ya kafe a kan sai gajimare ya taru.

Yana da hujjarsa. Ka ɗauki hoton jirgi a sararin da babu komai a bayansa, ido ba zai bambance ko gudu yake yi ko tsaye yake ba. Jirgin da ke tsaga iska sai ya koma kamar ƙuda a jikin farin bango. Sai ya gifta ta gaban gajimare, ya nutse ciki, ya ɓullo ta wancan gefe, sannan cikin mai kallo zai ɗuri ruwa. Wellman a sama ya koyi wannan. Yana ɗan shekara 21, a 1917, ya shiga cikin Amurkawan da suka tuƙa wa Faransa jiragen yaƙi a rundunar da ake kira Lafayette, ya gwabza da Jamusawa, ya dawo gida da lambar yabo da ciwon baya.

Fim ɗin da aka yi wa wannan jira shi ne Wings, wato fukafukai. Baƙi da fari ne, ba shi da murya, idan mutum ya yi magana sai a nuno rubutu a allo, tsawonsa kuma ya doshi awa biyu da rabi. Yawancin waɗanda suka taɓa jin sunansa da abu ɗaya suka san shi, cewa shi ya fara cin kyautar Oscar ta gwarzon fim. Abin da ya riƙe ni a cikinsa daban ne. Damuwar Wellman da gajimare ita ce damuwar labarin daga farko har ƙarshe: abin da ido ke gani, da abin da yake kasa gani ko da yana tsaye a gabansa.

Labarin ba zai yi wa wanda ya tashi da finafinan Indiya da littattafan soyayya baƙo ba. Samari biyu ne 'yan gari ɗaya a 1917. Jack Powell, wanda Charles Rogers ya fito a matsayinsa, yaro ne mai rawar kai, kullum hannunsa dumu-dumu da baƙin mai yana kwance tsohuwar mota yana ɗaurawa. David Armstrong, wato Richard Arlen, ɗan gidan da ya fi kowane arziki a garin ne, mai sanyin hali. Su biyun Sylvia suke so, 'yar birni, ita kuwa zuciyarta na wajen David. Ta huɗu ita ce Mary, 'yar maƙwabtan su Jack, wadda ke tsallako shinge ta zo ta taya shi gyaran mota, har ta zana masa tauraro mai gudu a jikinta. Ranar da motar ta tashi, Sylvia ya je ya ɗauka, ya bar Mary tsaye tana kallon ƙurarsa.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, samarin biyu suka ba da sunansu a sojan sama. Jack ya je sallama wurin Sylvia, ya tarar da 'yar sarƙar wuya mai gidan hoto a hannunta, ya ɗauka tasa ce, ya karɓa yana murna. David ta tanadar wa, har ta rubuta masa kalmomin ƙauna a bayan hoton, amma kara ta hana ta faɗa. Jack ya yi ta yawo da hoton nan a ƙirjinsa har Faransa bai taɓa juya bayansa ya karanta ba. Tun daga nan mai kallo ya san halin yaron. Ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai abin da ransa ya raya masa shi kaɗai yake gani.

A sansanin horo aka haɗa su dambe. Jack ya yi ta jibgar David, David na faɗuwa yana tashi, har Jack ya ji kunya ya rungume shi, gaba ta koma aminci. A tantinsu suka haɗu da wani dogon ɗalibin tuƙi mai suna White. Gary Cooper ne, lokacin ba a san shi ba, kuma fitowarsa ba ta wuce 'yan mintuna ba. Ya ga kowa da abin da yake riƙewa na neman sa'a, shi David ɗan ƙaramin tedi ne, wato 'yar tsanar yara mai siffar dabba, da ya ɗauko daga gida, sai White ya ce musu idan kwanan mutum ya ƙare babu abin da zai tare. Ya gatsi cakulan, ya jefa sauran a kan gado, ya fita zai ɗan yi shawagi kafin abinci. Inuwar jirgi ta gifta a ƙasa, motar asibiti ta fita a guje, sai ga hafsa ya zo ya ce su tattara kayansa. Kyamara ta tsaya a kan cakulan ɗin da shatin haƙori a jiki. Ba a nuna gawa ba, ba a nuna jini ba, amma ban san wani fim na zamani da ya nuna mutuwar farat ɗaya da ƙarfin da ya kai wannan ba.

Ya kamata a tuna irin jiragen da ake magana a kai. Katako ne da waya, an lulluɓe da zane, fukafukai biyu ɗaya bisa ɗaya, matuƙi yana zaune kansa a waje iska na dukansa. 'Yan uwansu ne jiragen sojan Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano a farkon Nuwamban 1925. A lokacin yaƙin, matuƙan Amurka da Ingila da Faransa ba a ba su laimar dira, saboda haka idan tanki ya kama wuta zaɓi biyu ne, ko ka ƙone ko ka faɗo.

Wellman ya rantse sai mai kallo ya ga fuskar wanda ke cikin wannan hali. Hanya mai sauƙi ita ce a zaunar da jarumi a gangar jirgi a ƙasa, a kunna masa fanka, a riƙa girgiza shi. Ya ƙi. Shi da mai ɗaukar hoto Harry Perry suka ɗaure kyamarori masu aiki da batir a jikin jiragen, suna fuskantar kujerar matuƙi. Jarumin zai hau, ƙwararren matuƙi ya ɓuya a ɗaya kujerar, idan sun kai sama jarumin da kansa zai kunna kyamara ya fara wasa. Arlen ya ɗan san tuƙi tun zamanin yaƙi. Rogers kuwa ɗan shekara 22 ne da bai taɓa tuƙa jirgi ba, a wurin aka koya masa, kuma an sha ba da labarin yadda yake sauka ya yi amai a gefen fili, ya share baki ya sake hawa. Idan ka ga kumatunsa suna karkarwa da iska, ƙasa tana juyawa a bayansa, babu dabo a ciki. Akwai kuma Dick Grace, wanda sana'arsa ita ce ya faɗo da jirgi da gangan a gaban kyamara. A ɗaya daga cikin faɗuwar da ya yi wa fim ɗin nan ya karye a wuya. Wani matuƙin soja ya rasa ransa ana cikin aikin.

A nan tambaya ta farko mai nauyi take. Ina kamfanin fim ya samo wannan tarin jirage da mutane? Dala miliyan 2 aka kashe, kuɗi mai yawa a wancan zamani, amma da ita kaɗai ce ba za ta isa ba. Ma'aikatar yaƙi ta Amurka ce ta ba da aron jirage da tankoki da filaye, da matuƙa kimanin 300, da sojojin ƙasa kimanin 3,500 da aka baza a fagen da aka haƙa wa ramuka don a maimaita gumurzun Saint-Mihiel na Satumban 1918. Ruwa ba ya tsami banza. A ƙarshen 1925 aka gurfanar da Billy Mitchell a kotun soja, mutumin da ya jagoranci jiragen ƙawance a ainihin wannan gumurzu, saboda ya fito fili ya zargi manyansa da sakaci da sojan sama. A Yulin 1926 majalisa ta yi dokar da ta sauya wa rundunar suna ta yi alkawarin faɗaɗa ta. Runduna ce mai neman kuɗi da samari da farin jini, sai ga kamfani ya zo zai nuna ta a kowane gidan silima na ƙasar.

Don haka duk wanda ya ce Wings talla ne ga soja bai yi ƙarya ba. Tashin jirage da asuba cikin hazo, jerin gwano a saman gajimare, lambar yabo da janar ɗin Faransa ke maƙala wa samari a ƙirji, duk abubuwa ne da za su sa yaro ɗan shekara 17 ya fito daga silima yana mafarkin kaki. Har da wani babban matuƙin Jamus da ya ga bindigar David ta cije, ya ɗaga masa hannu ya ƙyale shi, kamar yaƙin sama wasan dawakai ne na 'ya'yan sarauta. Wannan ɓangare na fim ɗin ba na yarda da shi, kuma ba na jin shi kansa Wellman ya manta abin da idonsa ya gani a Faransa. Shaida ita ce inda ya kai labarin.

Kafin nan sai an bi ta Faris. Clara Bow, wadda ta fito a Mary, ita ce tauraruwar da ta fi kowa kawo wa Paramount kuɗi a lokacin, kuma an faɗaɗa rawar Mary ne don a sami inda za a sa ta. Ana ganin ɗinkin. Mary ta shiga aikin tuƙa motar asibiti a fagen daga, ta tarar da Jack a wani gidan rawa a Faris ya yi tatul, ga sanarwa ta fito cewa an soke hutu, duk sojan da bai koma ba zai fuskanci hukunci. Shigar kyamara cikin gidan rawar abin kallo ne: tana tafe a saman tebura, tana ratsa tsakanin masoya da masu faɗa, tebur bayan tebur, har ta tsaya a kan kofin da ke hannun Jack. Amma wurin ya yi tsawo, kumfar giyar da aka zana tana tashi daga ko'ina ta gundure ni tun ba a je ko'ina ba. Abin da ya cece shi ɗaya ne. Mary ta tsaya a gaban Jack da kakinta bai gane ta ba. Ta ari rigar 'yan rawa mai ƙyalƙyali ta dawo, ya biyo ta, har yanzu bai san ko wace ce ba, riga ya bi. Ta kai shi ɗaki ya ɓingire da barci, tana cikin mayar da kakinta 'yan sandan soja suka faɗo, suka zaci abin da ba shi ba, aka sallame ta daga aiki aka mayar da ita gida. Su ma abin da suka gani suka hukunta.

Ko ɗan barkwancin fim ɗin a kan wannan igiya yake. Herman Schwimpf Ba'amurke ne mai sunan Jamusawa, duk inda ya faɗi sunansa sai a taso masa, sai ya naɗe hannun riga ya nuna tutar Amurka da aka zana masa a damtse sannan a sarara masa. An sa abin ne don dariya, amma Amurkawa 'yan asalin Jamus sun sha tsangwama ta gaske a 1917 da 1918, kuma maganar ɗaya ce: tambari ake dubawa kafin mutum.

Sa'ar fitowa ma ta taimaki fim ɗin. A ranakun 20 da 21 ga Mayun 1927 Charles Lindbergh ya tuƙa jirgi shi kaɗai daga New York zuwa Faris cikin awa 33 da rabi, Amurka ta haukace da zancen jirgin sama. Ranar 12 ga Agusta aka buɗe Wings a silimar Criterion ta New York, ya yi mako 63 ana nuna shi a nan. A manyan gidaje akwai makaɗa a gaban allo, akwai masu yin ƙarar inji da bindiga a bayansa, idan an zo wurin yaƙin sama sai a faɗaɗa hoton ya cika bango, harshen wuta kuma an shafa masa launi. Wata biyu bayan haka fim ɗin The Jazz Singer ya fito da murya, kasuwar finafinan shiru ta fara tashi. Da aka yi bikin Oscar na farko ranar 16 ga Mayun 1929, Wings ya karɓi babbar kyauta, Roy Pomeroy kuma ya karɓi ta dabarun injiniya a fim. Daga baya fim ɗin ya yi shekaru ana zaton ya ɓace, sai aka tsinci kwafinsa a ma'ajiyar finafinai ta Faransa da ke Faris, Paramount ta gyara shi ta sake fitarwa a 2012.

A cikin fim ɗin, ana gobe babban gumurzu sarƙar Jack ta faɗi, hoton ya fito. David ya tsinta, ya ga rubutun da Sylvia ta yi masa a baya, ya san idan Jack ya karanta zuciyarsa za ta karye yana shirin tashi. Sai ya yayyaga hoton, ya bar Jack ya ɗauka hassada ce. Ba su shirya ba aka buga ƙararrawar tashi, David ya manta tedinsa a ƙasa. A sama ya tare jiragen Jamus don ya kare Jack, aka harbo shi a bayan layin abokan gaba, labari ya zo cewa ya mutu.

Daga nan Wellman ya ɗana wa mai kallo tarko. Jack ya tashi shi kaɗai neman fansa, yana bin sojojin Jamus da ke ja da baya yana yi musu ruwan harsashi a kan hanya da kan gada, kuma an shirya hotunan yadda za ka ji kana goyon bayansa. Alhali David na raye. Ya ɓuya a fadama, ya lallaɓa filin jiragen Jamus, ya sace jirgi ɗaya ya nufo gida. Jack ya hango jirgi mai baƙin gicciye a fiffike, alamar jiragen Jamus, ya bi shi. Kyamara tana kai ka fuskar David, ya juyo, ya gane tauraron da ke jikin jirgin Jack, irin na motarsa, yana ɗaga hannu, yana kiran sunansa da iyakar ƙarfinsa. Ta komo da kai fuskar Jack, ido ya rufe, haƙora a cije. A nan rashin murya ya zama ƙarfin fim ɗin. Bakin David na motsi, mu ba mu ji, Jack ma ba ya ji saboda rugugin inji. Mun zama kurame tare da shi, sai dai mu muna gani. Duk wahalar da aka sha ta ɗaura kyamara a jikin jirgi, da aman Rogers, da jiran gajimare, a wannan wuri ta biya, domin da ba a saba mana da ganin fuskokin nan a sama ba, da jirage biyu kawai za mu gani ɗaya na bin ɗaya.

Akwai wani abu a bayan fage da ke ƙara wa wurin nauyi. Da yawa daga jiragen da suka fito a matsayin na Jamus a fim ɗin na sojan Amurka ne, ƙirar Curtiss, aka yi musu fenti aka zana gicciye, matuƙan Amurka ke ciki. Abin da ya raba jirgin aboki da na maƙiyi a gaban kyamara gwangwanin fenti ne, kuma a kan fentin nan Jack ya harba.

Jirgin David ya faɗa kan wani gida a ƙauyen Faransa. Jack ya sauka, ya zaro wuƙa ya yanke gicciyen daga jikin jirgin don ya ajiye abin tunawa, yana riƙe da ƙyallen aka ce ya shigo ya ga wanda ya harbo kafin ya cika. Ya shiga, ya ga David kwance. Abin da ya biyo baya shi ne wurin soyayya mafi zafi a fim ɗin, ya fi duk abin da ya gudana tsakanin namiji da mace a cikinsa. Jack ya rungume shi, yana shafa gashinsa, yana neman ya ruga ya kira likita, David ya riƙe shi ya ce ya zauna, lokaci ya ƙure. Masu sharhi na yau suna yawan ja-in-ja a kan sumbar bankwanan da Jack ya yi masa. Ni abin da na gani mutum ne da ya kashe ɗan'uwansa da hannunsa, ya rasa inda zai sa kansa. David ya lallashe shi da cewa ai ba shi ya harba ba, jirgin abokan gaba ya harbo.

Sau uku fim ɗin yana wanke Jack da baki. Hafsan Faransa da ke wurin ya ce yaƙi ke nan. David ya faɗi tasa. Mahaifiyar David ma, da Jack ya kai mata tedin da lambar yabon ɗanta, ta ce ta so ta tsane shi ta kasa, laifin yaƙi ne. Wanda ya tsaya a kan rubutun allo zai ce fim ɗin ya share laifi ya wuce, kuma sojojin da suka ba da aron jirage ba su da abin ƙorafi. Amma hoton bai wanke shi ba. Garin ya fito tarbar gwarzo, ana watsa furanni, ana kaɗe-kaɗe, shi kuwa yana zaune a mota da furfura a gefen kansa, yaron da ya bar gida ko gemu bai yi ba. Motar ta bi ta ƙofar gidan su David, ya hango iyayen ta taga. Kafin ya baro Faransa ya riga ya tsinci wasiƙar Sylvia a cikin kayan mamacin, ya karanta, ya gane wanda take so tun farko, ya gane dalilin yaga hoton.

Da dare ya sami Mary a tsakar gida, kusa da tsohuwar motar mai tauraro. Wannan karon ya dube ta sosai. Ya ce akwai abin da yake so ya faɗa mata: a Faris ya yi maye, akwai wata yarinya, bai ma san ko wace ce ba. Mary, wadda aka kora daga aiki saboda daren nan, ta dube shi, ta ce abin da ya wuce ya wuce, ba ta gaya masa ita ce ba.